Sauri Iri Biyu: Yadda Ƙaramar Bindigar Iska Mai Maimaita Harbi Take Aiki

Tsakure

Ƙaramar bindigar iska makami ne na hannu da ke harba ƙwayar dalma ko ta ƙarfe da ƙarfin iskar da aka matse, ba da albarushi ba. Wannan maƙala ta duba nau'in da ke iya jera harbi ba tare da an sake ɗura ƙwaya da hannu ba. An yi bayanin inda ƙarfinta yake fitowa, da yadda take sakin iska daidai gwargwado, da hanyoyin da take bi ta kawo sabuwar ƙwaya bakin bututu. Daga nan aka rarrabe abubuwa biyu da ake yawan haɗawa a ƙarƙashin kalmar sauri: gudun ƙwaya a cikin iska, da yawan harbin da ake iya jerawa a ɗan lokaci. Maƙalar ta nuna cewa duka biyun daga rumbu ɗaya suke ci, saboda haka ƙaruwar ɗaya kan rage ɗayan. An rufe da matsayin doka da haɗarin da ke tattare da makamin.

1.0 Gabatarwa

Maharbin da ya saba da adaka ya san wahalar harbi na biyu. Sai ya zuba albarushi, ya cusa, ya zuba ƙwaya, ya sake cusawa, kafin nan abin da ya hara ya yi nisa. Wannan ne ya sa aka yi wa irin wannan bindiga laƙabin harba-ka-ruga. Tun da aka fara ƙera bindiga, maƙera ke neman hanyar da za a gajarta tazarar da ke tsakanin harbi na farko da na biyu, kuma bindigar iska na daga cikin waɗanda suka fara cin nasara a wannan fage.

A yau ana ƙera ƙananan bindigogin iska masu maimaita harbi domin gasar saiti, da koyon riƙe makami, da nishaɗi. Yawancinsu suna da bututu mai faɗin milimita 4.5. Tambayar da mai saye ya fi yi ita ce: yaya saurinta yake? Tambayar tana da fuska biyu. Akwai saurin da ƙwaya take fita da shi, wanda ake aunawa da mita a kowace daƙiƙa. Akwai kuma saurin da harbi ke bin harbi, wanda ake aunawa da yawan harbi a daƙiƙa ko a minti. Wanda bai rarrabe su ba zai iya raina makamin ya ɗauke shi abin wasan yara, ko kuma ya zuzuta shi ya daidaita shi da bindigar albarushi. Duka biyun kuskure ne, kuma na farkon ya sha jawo asarar ido.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Maimaita harbi da iska ya girmi maimaita harbi da harsashin zamani. Wajen shekarar 1779, wani maƙeri daga yankin Tirol mai suna Bartolomeo Girardoni ya ƙera doguwar bindigar iska wadda rundunar Ostiriya ta yi amfani da ita daga wajen 1780 zuwa wajen 1815. A gefen bututunta akwai wani siririn kurtu mai ɗaukar ƙwallayen dalma kimanin 20. Idan aka tura wani ɗan ƙarfe gefe, ƙwallo ɗaya ya faɗa cikin raminsa, sai sifirin ya mayar da shi daidai bakin bututu. Iskar kuwa tana cikin gindin bindigar, wanda aka yi shi kamar gora ta ƙarfe. Ana buƙatar bugun famfon hannu kusan 1,500 kafin a cika shi, ya kuma ba da harbi kimanin 30 masu ƙarfi. A zamanin da sojan da ya ƙware yake yin harbi uku a minti da bindigar albarushi, wannan abin al'ajabi ne. Sai dai wahalar cika gorar da saurin lalacewar fatun da ke toshe iska sun sa aka jingine ta.

Mataki na biyu ya zo ne daga Faransa, inda Paul Giffard ya ƙera bindigogi masu aiki da iskar kabon dayoksaid wajen ƙarshen ƙarni na 19. A shekarar 1954 kamfanin Crosman na jihar New York a Amurka ya fito da ƙaramar kwalbar ƙarfe mai ɗauke da giram 12 na wannan iska, wadda har yau ita ce ma'aunin da kamfanoni suke bi. Kwalbar tana shiga cikin mariƙin bindiga, don haka aka rabu da famfo. A shekarar 1960 kamfanin ya fitar da samfurin Crosman 600, ƙaramar bindiga mai ƙwaya goma wadda ke ɗana kanta bayan kowane harbi. Daga baya kamfanonin Jamus da Ostiriya, irin su Umarex da Feinwerkbau da Steyr, suka faɗaɗa fagen, wasu ta fuskar kwaikwayon siffar bindigogin albarushi, wasu ta fuskar gasa.

3.0 Inda Ƙarfin Yake Fitowa

Kowace bindigar iska tana buƙatar iska mai matsi a bayan ƙwaya. Ana auna matsi da ma'aunin da ake kira bar. Bar ɗaya ya yi kusan daidai da matsin iskar da ake shaƙa a bakin teku, tayar ƙaramar mota kuma tana ɗauke da bar 2 zuwa 2.5. Hanyoyi huɗu ake bi a samar da wannan matsi.

3.1 Sifirin da Fistin

A nan babu iskar da aka ajiye. Mai harbi yana danne sifirin mai ƙarfi da hannunsa, idan ya ja kunama sai sifirin ya wurga fistin gaba ya matse iskar da ke gabansa, kamar yadda zugazugin maƙeri ke tura iska cikin wuta. Akwai samfura masu ma'ajiyar ƙwaya, amma dole a sake danne sifirin kafin kowane harbi. Suna maimaita ɗuri, ba sa maimaita ƙarfi.

3.2 Famfon Jikin Bindiga

Wasu suna da hannun famfo a jikinsu. Ana bugawa sau ɗaya, ko sau uku zuwa goma, a tara iska a wani ƙaramin ɗaki, harbi ɗaya kuma ya kwashe ta gaba ɗaya. Su ma ba su dace da jera harbi ba, ko da yake wasunsu sun fi sauran gudun ƙwaya.

3.3 Iskar Kabon Dayoksaid

Wannan ita ce ginshiƙin yawancin bindigogi masu maimaita harbi. Sirrinta shi ne a cikin kwalba ba iska ce zalla ba: mafi yawanta ruwa ce, sai tururi a samanta. Idan aka ɗebi tururin aka yi harbi, wani ɓangare na ruwan yakan tafasa nan take ya cike gurbin. Muddin akwai sauran ruwa, kuma zafin kwalbar bai sauya ba, matsin yana nan yadda yake. A digiri 20 na ma'aunin Salshiyas matsin yana kusan bar 57. Saboda haka kwalbar ita ce rumbu, ita ce kuma mai daidaita abin da ke fita, ba tare da wata ƙarin na'ura ba. Kwalba ɗaya ta giram 12 takan ba da harbi tsakanin 40 zuwa 80, gwargwadon ƙirar bindigar.

3.4 Iskar da Aka Matse Tun Farko

Bindigogin gasa na yau suna ɗauke da silinda a ƙarƙashin bututu, wadda ake cika wa iskar shaƙa har bar 200 daga babbar tukunya ko famfo na musamman. Wannan ita ce jikar dabarar Girardoni. Da yake iskar ba ta zama ruwa, matsinta yana raguwa da kowane harbi, shi ya sa ake sa mata madaidaicin matsi: wani ƙaramin bawul da ke rage bar 200 zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku, ya cika ɗan ɗaki da adadi iri ɗaya kafin kowane harbi. Cikawa ɗaya takan wuce harbi 100.

4.0 Guduma da Bawul

A nau'i biyu na ƙarshe, zuciyar bindigar ita ce bawul. Ƙofa ce ƙarama wadda sifirin da matsin iskar kansa suke danne ta a rufe. Idan aka ja kunama, wata 'yar guduma ta ƙarfe takan saki ta bugi sandar bawul ɗin. Ƙofar ta buɗe na wani ɗan lokaci da bai wuce 'yan kasusuwa cikin dubu na daƙiƙa ba, iska ta kutsa ta bayan ƙwaya, sannan matsin ciki ya mayar da ƙofar ya rufe. Wannan rufewa da kanta ita ce ta sa maimaita harbi ya yiwu, domin da ƙofar za ta tsaya a buɗe, da harbi ɗaya ya ƙarar da kwalbar.

Lissafi kaɗan zai nuna girman abin da ke faruwa. Fuskar bututu mai faɗin milimita 4.5 ta kai kusan murabba'in milimita 16. Matsin bar 57 a kan wannan fili daidai yake da nauyin kusan kilo 9. Ƙwayar da ake turawa kuwa rabin giram ce. Ko da yake matsin yana raguwa a hanyarsa ta ratsa bawul, abin da ya saura ya isa ya fitar da ƙwayar daga bututu cikin kashi 2 zuwa 3 cikin 1,000 na daƙiƙa.

Maƙeri yana da zaɓi a nan. Idan ya ƙara wa guduma ƙarfi, ƙofar za ta daɗe a buɗe, ƙwaya ta ƙara gudu, amma yawan harbin kwalba ya ragu. Idan kuma bututun gajere ne, ƙwayar za ta fita tun kafin iskar ta gama aikinta, ragowar ta tashi a banza ta zama ƙara. Wannan ne dalilin da ya sa ƙaramar bindiga ba ta kamo doguwa a gudu, ko da kwalba iri ɗaya suke amfani da ita.

5.0 Yadda Ake Kawo Sabuwar Ƙwaya

Siffar ƙwaya ce take yanke hukunci a kan irin ma'ajiyar da za a yi mata. Ƙwaya iri biyu ce ta fi yawa.

5.1 Ƙwallon Ƙarfe

Ƙwallon da ake kira BB ƙarfe ne mulmulalle, nauyinsa kusan giram 0.35. Da yake ba shi da gaba ba shi da baya, kuma ba ya lotsewa, ana iya jera 15 zuwa 20 a cikin siririn kurtu, sifirin yana turo su sama ɗaya bayan ɗaya. A samfura da yawa ɗan maganaɗisu ne ke riƙe na saman har iska ta zo ta ɗauke shi. Sauƙin ɗurinsa ya sa bindigogin da suka fi saurin jera harbi da shi suke aiki. Aibinsa biyu ne. Bututunsa sumul yake a ciki, don haka ƙwallon ba ya juyawa yadda zai miƙe, saitinsa ba ya kai na dalma. Na biyu, idan ya bugi abu mai tauri kamar bango ko ƙarfe, yakan dawo da ƙarfinsa.

5.2 Ƙwayar Dalma

Ƙwayar dalma da ake kira diyabolo tana da siffar kalangu: kai a gaba, tsukakken ƙugu a tsakiya, sai buɗaɗɗen gindi mai rami. Nauyinta kusan rabin giram ne. Idan iska ta bugo, gindin yakan buɗe ya manne da bangon bututu, ya kama tsagogin da aka murɗa a ciki, ƙwayar ta fita tana juyawa kamar katantanwar yara. Wannan ne ke ba ta saiti. Amma dalma tana da laushi. Idan aka jera irin waɗannan ƙwayoyi a kan juna sifirin yana danna su, gindinsu zai lanƙwashe, kan wata ya shige ramin wata.

Maganin da aka samo shi ne a ba kowace ƙwaya ɗakinta. Hanya mafi yaɗuwa ita ce ɗan faifai mai ramuka takwas ko goma, wanda ke juyawa kamar na libarba. Samfurin Walther CP88 na kamfanin Umarex, alal misali, a waje kamar bindiga mai sarrafa kanta yake, amma a ciki faifai ne mai ramuka takwas. Hanya ta biyu ita ce miƙaƙƙen ƙarfe mai ramuka biyar da ke ratsa bindigar ta gefe, yana matsawa rami ɗaya bayan kowane harbi, kamar yadda yake a Steyr LP50 ta gasa. Hanya ta uku sarƙa ce ta ƙananan ɗakuna da ke zagayawa cikin mariƙi, wadda ke iya ɗaukar ƙwaya 20 zuwa 30.

5.3 Wa Ke Yin Aikin Ɗanawa?

Kafin kowane harbi dole a yi ayyuka biyu: a kawo ƙwaya, a kuma ja guduma baya. Ko dai yatsa ya yi su, ko iska ta yi. A tsari na farko, jan kunama ɗaya ne ke juya faifai, ya ja guduma, ya kuma sake ta. Ba a ɓarnar iska, amma kunamar tana da tsawo da nauyi, hannu kuma yakan karkace garin ja. A tsari na biyu, ana karkatar da wani kaso na iskar harbin zuwa baya, ya tunkuɗa murfin saman bindigar ko wani ɗan fistin, shi kuma ya ɗana guduma. Kunamar takan zama mai sauƙi, harbi ya bi harbi da hanzari, amma kowace tunkuɗa iska ce da ba ta shiga bayan ƙwaya ba.

6.0 Sauri na Farko: Gudun Ƙwaya

Ana auna gudun ƙwaya da na'ura mai idanun haske guda biyu da aka san tazarar da ke tsakaninsu. Ƙwaya ta gifta na farko agogo ya tashi, ta gifta na biyu ya tsaya. Abin da irin wannan awo yake nunawa a bakin bututu shi ne kamar haka. Bindigogin ƙwallon ƙarfe masu murfi mai komawa baya sukan yi mita 90 zuwa 120 a daƙiƙa. Masu faifan dalma da kwalbar giram 12 sukan yi mita 110 zuwa 130. Bindigogin gasa masu silinda ana daidaita su a wajen mita 150 zuwa 160. Mai famfo irin Crosman 1377, wadda ƙwaya ɗaya take ci, ana tallata ta da gudun da ya kai wajen mita 180. Abin lura shi ne wadda ta fi gudu a jerin ita ce wadda ba ta maimaita harbi.

Mita 120 a daƙiƙa daidai yake da kilomita 432 a awa. Duk da haka bai kai rabin gudun sauti ba, wanda yake mita 343 a daƙiƙa a digiri 20. Harsashin bindigar hannu mai milimita 9 kuwa yana fita da gudun da ya kai ko ya ɗara na sauti.

Gudu kaɗai ba ya bayyana ƙarfin duka, sai an haɗa shi da nauyi. Ana samun ƙarfin ne ta hanyar ninka gudu da kansa, a ninka da nauyi, a raba biyu, sakamakon kuma ana kiransa jul. Ƙwayar rabin giram a gudun mita 120 tana ɗauke da jul 3.6. A gudun mita 150 tana da jul 5.6. Ƙwallon ƙarfe na giram 0.35 a gudun mita 120 yana da jul 2.5 kacal. Harsashin milimita 9, mai nauyin kusan giram 8, yana ɗauke da wajen jul 500, wato ya ninka ƙwayar iska kusan sau ɗari ko fiye. Wannan lissafi ya kuma tona wata dabara ta talla: lambar da ake bugawa a jikin kwali sau da yawa da ƙwaya mafi sauƙin nauyi aka same ta, a ɗaki mai ɗumi, da sabuwar kwalba. Lambar ta hau, amma ƙarfin dukan bai ƙaru ba.

A gasa ba a neman gudu mai yawa, daidaito ake nema. A wasan harbin mita 10, wanda ya shiga gasar Olamfik a Seoul a 1988, da'irar maki goma faɗinta milimita 11.5 ne, ana kuma yin harbi 60 cikin minti 75. Ƙa'idar wasan ta hana a ɗura fiye da ƙwaya ɗaya a lokaci guda, ta kuma hana kunama ta gaza nauyin giram 500. Abin da ɗan gasa yake buƙata shi ne harbi na 60 ya fita da gudun harbi na farko.

7.0 Sauri na Biyu: Jera Harbi

A yawancin samfura, jan kunama ɗaya harbi ɗaya ne, don haka yatsan mai harbi ne iyaka. Mai hanzari zai iya ƙarar da faifai mai ƙwaya takwas cikin daƙiƙa uku ko ƙasa da haka, musamman idan iska ce ke ɗana guduma. Sai dai wannan ba shi ne ainihin saurin aiki ba, domin sai an cire faifan an sa wani, kuma cika faifai da ƙwayoyin dalma ɗaya bayan ɗaya ya fi harba su cin lokaci.

Ma'aunin da ya fi ma'ana shi ne saurin harbi tare da samun abin da aka hara. A Jamus ana gasar ƙaramar bindigar iska mai ƙwaya biyar, inda ake harbin fayafai biyar masu faɗuwa daga nisan mita 10 cikin daƙiƙa 10. 'Yan wasan harbin gaggawa na mita 25, waɗanda ke yin harbi biyar cikin daƙiƙa 8, sannan 6, sannan 4 da bindigar albarushi, sukan yi atisaye da irin waɗannan bindigogin iska saboda arhar ƙwaya da ƙarancin ƙara.

Akwai kuma 'yan samfura masu ɓarin ƙwaya da jan kunama ɗaya. Drozd, wadda aka ƙera a birnin Izhevsk na Rasha, ba ta da guduma mai sifirin: batir ne ke motsa wani maganaɗisun lantarki ya bugi bawul. Ana iya saita ta ta saki ƙwallo ɗaya, ko uku, ko shida a jere, a kan saurin 300 ko 450 ko 600 a minti. Saurin 600 a minti harbi goma ne a daƙiƙa. Taƙaita ɓarin a kan shida ya dace da halin iskar da take amfani da ita, kamar yadda za a gani.

8.0 Inda Saurin Biyu Suke Cin Karo

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma a kwalbar kabon dayoksaid maganar ta tabbata a zahiri. Ruwa ba ya zama tururi sai ya sha zafi daga abin da ke kewaye da shi. Wannan ne ke sanyaya ruwan randa, shi ne kuma ke sa tukunyar gas ta yi raɓa idan an daɗe ana girki da babbar wuta. Kowane harbi yana tilasta wa wani ɓangare na ruwan kwalbar ya tafasa, kwalbar da bawul ɗin su ɗan yi sanyi. Idan aka dakata na 'yan daƙiƙoƙi, ƙarfen bindigar da tafin hannu sukan mayar da zafin. Idan aka jera harbi ba hutu, sanyin yakan taru.

Matsin wannan iska kuwa bawan zafi ne. A digiri 30 yana kusan bar 72, a digiri 20 bar 57, a digiri 10 bar 45, a sifili kuma bar 35. Ke nan kowane digiri ɗaya da kwalbar ta rasa yana tafiya da fiye da bar ɗaya. Saboda haka ƙwaya ta takwas a jerin gaggawa ba ta fita da gudun ta farko. Sakamakon yana bayyana a jikin takardar saiti. Ƙwayar da ta tashi da mita 120 a daƙiƙa tana sauka ƙasa da kusan santimita 3.4 kafin ta cika mita 10, wadda ta tashi da mita 105 kuma tana sauka da kusan santimita 4.4. Bambancin santimita ɗaya ne, kusan faɗin da'irar maki goma gaba ɗaya. Idan bindigar mai murfi mai komawa baya ce, abin ya ninku, domin tana shan iska fiye da sauran a kowane harbi, har ta kai murfin ya kasa komawa ya ɗana guduma. Taura biyu ba ta taunuwa: ko a samu yawan harbi, ko a samu gudu mai ɗorewa.

Zafi ma yana da tasa matsalar, kuma wannan ya shafi ƙasashe irin na Sahel kai tsaye. Da zarar kabon dayoksaid ya haura digiri 31, ba ya rabuwa gida biyu na ruwa da tururi, daidaita kansa da yake yi ya ƙare, matsin cikakkiyar kwalba kuma ya riƙa hawa da sauri. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin bazara kan haura digiri 40, matsin zai iya danne bawul har guduma ta kasa buɗe shi sosai, harbin ya fita da rauni ko ya ƙi fita. Da sanyin safiyar hunturu kuma, a wajen digiri 15, matsin yana kusan bar 51, gudun ya ragu. Masu ƙera kwalaben suna gargaɗin kada a ajiye su inda zafi ya kusanci digiri 50, abin da cikin motar da aka rufe a rana kan wuce cikin sauƙi.

Wannan rauni ne ya sa 'yan gasa suka ƙaura daga kabon dayoksaid zuwa silindar iska mai madaidaicin matsi a shekarun 1990. A can babu ruwan da zai tafasa, ɗan ɗakin kuma yana sake cika cikin ƙiftawar ido, don haka harbi biyar a jere sukan fita da gudu kusan ɗaya. An rage cin karon, amma an biya da tsada da kuma buƙatar kayan cika iska.

9.0 Doka da Haɗari

Ƙasashe da dama da ƙarfin duka suke auna wannan makami. A Jamus, wanda ya kai shekara 18 yana iya mallakar bindigar iska ba da lasisi ba idan ƙarfinta bai wuce jul 7.5 ba, kuma tana ɗauke da tambarin harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar. Ga ƙwayar rabin giram, wannan iyaka ta yi daidai da gudun mita 173 a daƙiƙa. A Ingila iyakar ƙaramar bindigar iska kusan jul 8.1 ce. A Kanada ana duba abu biyu tare, gudun mita 152.4 a daƙiƙa da ƙarfin jul 5.7. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta lissafa bindigogin iska, manya da ƙanana, cikin makaman da mallakarsu ke buƙatar lasisi daga hukumar 'yan sanda.

Ƙarancin jul ba ya nufin rashin cutarwa. Gwaje-gwajen likitocin binciken rauni sun nuna cewa ƙwayar dalma ta milimita 4.5 tana iya huda fatar mutum a gudun da ke wajen mita 100 a daƙiƙa, ido kuwa yana fashewa a gudun da bai kai wannan ba ko kusa. Kusan duk bindigogin da aka ambata a sama sun kai wannan mizani. Maimaita harbi yana ƙara wani haɗari na daban: bayan an cire ma'ajiya, ƙwaya ɗaya tana iya maƙalewa a bututu, mai bindigar yana zaton babu komai. Saboda haka ƙa'idar filayen harbi ita ce a ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya, a sa tabarau na kariya, kada kuma a harbi abu mai tauri da ƙwallon ƙarfe.

Haɗari na ƙarshe daga siffa yake zuwa. Samfura da yawa an ƙera su ne su yi kama da bindigogin albarushi a girma da nauyi da launi. A watan Nuwamba na 2014, a birnin Cleveland na Amurka, ɗan sanda ya harbe wani yaro ɗan shekara 12 da ke riƙe da bindigar iska ta kwaikwayo mai harba ƙwallon roba. Wanda aka nuna wa irin wannan makami ba shi da lokacin auna jul.

10.0 Kammalawa

Ƙaramar bindigar iska mai maimaita harbi ta tsayu ne a kan abubuwa uku: rumbun iska mai matsi, bawul mai buɗewa ya rufe kansa, da ma'ajiyar da ta dace da siffar ƙwaya. Ƙwayarta tana fita da gudun mita 90 zuwa 160 a daƙiƙa, da ƙarfin da a mafi yawan lokuta bai kai jul 6 ba. Tana iya jera harbi biyu zuwa uku a daƙiƙa a hannun mai hanzari, ko goma a 'yan samfuran lantarki. Amma lambobin biyu ba sa haɗuwa a ƙololuwarsu a lokaci ɗaya, domin iskar da ta ɗana guduma ba ta tura ƙwaya ba, kwalbar da aka hana hutu kuma matsinta faɗuwa yake yi. Duk wanda zai auna irin wannan makami, ko mai saye ne ko mai horarwa ko mai tsara doka, ya kamata ya tambayi nauyin ƙwayar da aka gwada da ita, da zafin wurin da aka yi gwajin, da kuma ko harbi na nawa ne a jeri aka auna.